Wake a Cikin Bargo

Kwana uku da tafiyar Umma Bauchi, Baba bai ci komai ba sai koko. Kokon ma kurɓa uku ko huɗu, sai ya kau da kai.

Yayata Kubra ce ta haihu, aka yi mata aiki, kuma ba ta da mai zama da ita. Umma ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta yarda ta tafi. Ranar tafiyar ta tsaya a zaure da jakarta tana jero mini abubuwa: maganin safe, maganin yamma, ruwan wanka kada ya yi zafi da yawa, wake kullum da rana. Ba gishiri, ba magi, ba kanwa, likita ya hana saboda hawan jini. Ta fara faɗa mini yadda take dafa waken, na katse ta, na ce ai ni ba yaro ba ne, wake ne fa. Ta dube ni kawai, ta gyara mayafi ta fita.

Baba yana fama da shanyewar ɓarin jiki, na hagu, shekara ɗaya da wata biyar ke nan. Harshensa ya yi nauyi. Haƙoransa na ƙasa saura huɗu. Tuwo yana tsaya masa a wuya, shinkafa tana sa shi ya ƙware. Abin da yake wuce masa lafiya shi ne wake, idan ya dahu luguf har ba ka bambance ƙwaya da ƙwaya. Haka Umma take yi masa. Ban taɓa tsayawa na ga yadda take yi ba. Lokacin girkinta ni ina waje, tsakanin majalisa da bakin titi, wata rana har Naraguta a ƙafa, in tsaya nesa da ƙofar jami'a ina kallon masu shiga. Shekara biyu da gama sakandare. Jarrabawar shiga jami'a sau biyu, ba suna. Yawon nan shi ne aikina.

Ranar farko na dafa awa ɗaya. Baba ya juya cokali ɗaya a baki, ya tofar a hannunsa ya nuna mini. Rana ta biyu na ba shi awa biyu, ƙasan ya kama, saman yana nan kamar tsakuwa. Na murƙushe da bayan ludayi na ba shi. Ɓawon ya maƙale masa, ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. Ni kaina na tsorata.

A kan tarin nan Baffa Lukuman ya shigo. Ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shagon yadi, gidansa yana unguwar Congo-Russia, nan cikin Jos. Ya dubi kwanon, ya dubi Baba, ya dubi ledar magani da aka rubuta a sha bayan an ci abinci. Bai yi faɗa ba. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce gobe bayan la'asar zai zo da mota. Idan Yaya bai ci abinci ba har lokacin, zai tafi da shi gidansa, can akwai mata, har Umma ta dawo.

Baba ya kama ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya. Ya ce a'a. Tana cikin kalmomi kaɗan da suke fita masa tas.

Na san abin da yake ji. Gidan nan na Nasarawa Gwom shi ya gina, ɗaki bayan ɗaki, da abin da ya samu a haƙar kuza da kuma tuƙin tifa daga baya. Tun yana da lafiya ya sha faɗa, ba mai fitar da shi daga nan sai a makara. Gidan Baffa kuwa bene ne, ɗakin baƙi yana sama, matakala sha tara masu tsini. Wanda aka hau da shi a hannu ba a saukowa da shi don shan hantsi. Baffa ya ce masa taurin kai ba ya ƙosar da ciki, ya sa takalmi ya tafi.

Washegari Alhamis. Tun asuba ake yayyafi, irin na watan Agusta da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwa. Kananzir ya ƙare a risho, gidan mai kuma layi ne har bakin kwalta. Na jawo kurfoti. Gawayin ya sha laima, na fi rabin awa ina fifita da murfin bokiti kafin ya kama, hayaƙi ya cika tsakar gida. Waken na bara ne, ƙwari sun fara huda shi. Na tsince sama-sama, na wanke, na ɗora ƙarfe goma. Na ce yau awa shida ke gabana, ko dutse ne ya isa ya yi laushi.

Baba ya yi ta gunaguni a ɗaki, na gane waje yake so. Na tallafo shi zuwa baranda, na zaunar da shi a kujerarsa ta katako, na rufa masa bargo a gwiwa, na jingina sandarsa kusa da hannun dama. Daga nan yana ganin tukunya. Yana ganina.

Ban iya zama ba. In buɗe murfi, in ɗebo ƙwaya biyu, in danna, in mayar. In je ƙofar gida in leƙa, in dawo in sake buɗewa. Ruwa ya ja baya, in kamfato daga duro in ƙara. Ruwan duron kamar ƙanƙara, tafasar sai ta mutu, in koma fifita. Ƙarfe sha biyu ya yi, na danna ƙwaya tsakanin yatsuna, ta zille ta faɗa cikin toka, ko tsagewa ba ta yi ba.

Na shiga kicin neman albasa, sai na ci karo da gwangwanin madara a bayan tukwane. Kanwa ce a ciki, wadda Umma take sa wa miyar kuɓewarmu. Na tsaya da gwangwanin a hannu. Duk wanda ya taɓa cin wake da shinkafa a bakin tasha ya san aikin kanwa. Guntu kamar ƙwayar masara, minti ashirin, an gama. Likita ba ya nan. Umma ba ta nan. Na ce a raina sau ɗaya ba zai kashe mutum ba, yunwa ce ma ta fi kusa da kashe shi. Na ɓantaro guntu na fito, na juya wa baranda baya, na ɗaga murfi.

Sanda ta daki bokiti. Ƙarar ta sa na kusa sakin murfin.

Na waiwaya. Baba ya sake dukan bokitin, sannan ya saki sandar, ya fizgi bargon da ke gwiwarsa ya wurgo. Bai yi nisa ba, ya faɗi a bakin baranda, gefensa cikin ruwa. Na jefa kanwar a toka, na ɗauko bargon na kakkaɓe na mayar masa. Na ce na fasa, ya yi haƙuri. Ya sake fizgewa ya wurgo. Na mayar. Karo na uku ya riƙe hannuna, ƙarfin da ke hannun nan na dama har yanzu na direban tifa ne. Bakinsa ya yi ta motsi. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne tukunya, a rarrabe, da ƙyar. Ya nuna bargon da haɓa, ya nuna wuta.

Na ɗauka kansa ne ya fara taɓuwa saboda yunwa.

"Wane ne yana kashe bokiti a gidan nan?"

Mama Magadaliya ce, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan katanga inda ta rufta tun damina biyu da suka wuce. Tsohuwa ce 'yar Birom, tana sayar da kayan miya a ƙofar gidanta. Da aka yi rikici mutanensu da yawa sun tashi daga layinmu, ita ta ce ta tsufa da koyon sabuwar ƙofa. Ta gaishe da Baba, Oga Direba take ce masa. Ta tambaye ni me ya faru, na faɗa mata a taƙaice. Ta dubi bargon, ta dubi tukunyar, ta yi dariya har tana riƙe katanga. Ta ce in buɗe mata ƙofa.

Ta shigo da buhu a ka saboda yayyafi. Ta ɗaga murfi, ta danna ƙwaya, ta tambaye ni ko na jiƙa tun jiya. Na ce a'a. Sau nawa na ƙara ruwa? Na ce huɗu ko biyar. Daga ina? Na nuna duro. Ta ce to duk ƙarawa ɗaya na mayar da kaina farkon hanya, ruwan Jos da wake ba sa ga maciji, ko a Kano ma mai hankali ruwan zafi yake ƙarawa balle nan kan dutse. Ta ce ni da waken ba ta san wanda ya fi taurin kai ba.

"Baba naka bai haukace ba," in ji ta. "Yana gaya maka ka rufe tukunya da bargo. Mama naka kullum haka yana yi, kai kana yawo."

Ta ce tun suna 'yan mata suna ɗaukar kwanon ƙasa a ramin kuza na Naraguta haka ake yi a barikin masu haƙa. Wa yake da itacen da zai zauna gadin wake? Wa ma yake da lokacin? Kafin a buga ƙararrawar aiki an tafasa shi sosai, an sauke, an naɗe da buhu da tsumma, an tura ƙarƙashin gado. A dawo da yamma a tarar ya zama kamar man shanu. Zafin da ke jikinsa shi yake ƙarasa shi. Ta juya ta tambayi Baba ko ƙarya ta yi. Baba ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

Ta sa na ɗora buta a gefen wuta. Da ta yi zafi na ƙara ruwan har ya sha kan waken da yatsa biyu, na yanka albasa biyu na zuba. Ta ce in fifita har tukunyar ta riƙa rawa, na yi. Kwatan awa tana tafasa, murfi a rufe, ta ɗora dutsen niƙa ƙarami a kai. Sannan muka sauke da tsumma, muka naɗe da buhun da ta shigo da shi, muka naɗe da bargon Baba ninki huɗu, muka zaunar da ita cikin babban daro, muka cusa tsofaffin zannuwan Umma a gefe-gefe har ba inda iska za ta bi. Na ɗauko wa Baba wani bargon daga ɗakina.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan. Ta ce sai an kira la'asar, awa uku, ba ƙasa da haka ba. Na ce Baffa bayan la'asar zai zo. Ta ce to ai sun yi daidai. A bakin ƙofa ta juyo ta nuna ni da yatsa.

"Salim, wake ba ya son mai leƙe. Ka buɗe, ka kashe shi."

Ta tafi. Gidan ya yi shiru, sai ɗigar ruwa daga kwano.

Ba wuta a ƙarƙashi, ba ƙara, ba tururi. Ƙullin tsumma kawai a cikin daro. Ban taɓa ganin abinci yana dahuwa ba tare da alama ba, kuma zuciyata ta ƙi yarda. Na share tsakar gida duk da a jiƙe take. Na wanke kwanukan da na wanke. Na je ƙofar gida, layi ba kowa sai awaki sun raɓe a jikin bango. Na dawo na taɓa bargon, da ɗumi, amma ɗumin kamar na jikin mutum, ba kamar na girki ba. Aka kira azahar, na yi wa Baba taimama ya yi tasa a zaune, na yi tawa a baranda, ban san me na karanta ba.

Bayan sallah Baba ya fara gyangyaɗi. Kansa ya karkata ɓangaren hagu, bakinsa a ɗan buɗe. Na zauna a kan turmi ina kallonsa.

A nan tunanin ya zo. Ba yau ya fara zuwa ba, yau ne dai ya samu wuri. Zainu, wanda muka gama makaranta tare, yana Mararaba kusa da Abuja, a wajen masu buga bulo. Sau biyu yana aiko mini in taho, akwai wurin kwana, akwai aiki. Na ce masa ba zan iya barin Baba ba. Idan Baffa ya tafi da Baba yau, gobe sai in kulle gidan nan in miƙa wa Mama Magadaliya makulli. Ba wanda zai ce na gudu. Za a ce yaro ya yi iya ƙoƙarinsa, girki ba aikin namiji ba ne. Na kori tunanin, ya zaga ya dawo ta wata ƙofa.

Na tashi na zagaya daron. Na ce in tsohuwar nan ta yi kuskure fa? Waken bara ne, ba a jiƙa ba, ya sha ruwan sanyi. In na jira har la'asar na tarar da tsakuwa, ba sauran lokacin gyara. Gara in duba yanzu, in ga inda ake. Abin da na faɗa wa kaina ke nan. Har yau ban tabbatar shi kaɗai ne dalilin ba.

Ƙarfe biyu da rabi na durƙusa na zare zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Na warware bargo, na warware buhu, na sauke dutsen. Da na ɗaga murfi tururi ya buge ni a fuska, mai yawa, mai zafin da ban zata ba, har na ja baya. Ya tashi sama ya bi iska. Sai a lokacin na gane tana aiki. Na ɗebo ƙwaya na danna. Ɓawon ya saɓule, jikin ya murƙushe, amma a tsakiya akwai ɗan abu mai tauri kamar ɗanyar shinkafa. Ya yi rabin hanya da wani abu. Da na ƙyale shi da ya isa.

Na ɗago kai. Idon Baba a buɗe yake, na dama. Bai daki bokiti ba, bai yi gunaguni ba. Ya dube ni, ya dubi tukunyar da ke shan iska a tsakar gida, ya mayar da idonsa kan bango.

Gawayin kurfoti ya mutu. Na sake haɗa wani, ashana uku ta karye. Na fifita har kafaɗata ta riƙe. Kafin tukunyar ta sake tafasa yadda Mama ta nuna, ƙarfe uku ya gota. Na naɗe ta kamar ɗazu, na cusa zannuwan. Awa uku daga yanzu ƙarfe shida ke nan. Baffa ba ya saɓa lokaci.

Baba ya ƙwanƙwasa sanda a ƙasa, a hankali, ya nuna gabansa. Na ja daron har gindin kujerarsa. Ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora a kan ƙullin, ya danna. Bai sake kallona ba.

Huɗu da kwata na ji tsayuwar mota. Tasi ce doguwa, an kwantar da kujerun baya an shimfiɗa katifa. Baffa ya shigo da lema, direban yana biye da shi don su kama. Ya yi sallama, ya gaishe da Yayansa, sannan ya juyo gare ni.

"Ya ci?"

"Bai ci ba."

Ya ce to, in haɗo kayansa kala huɗu da magunguna da buta. Ban motsa ba. Ya maimaita. Na ce abincin yana nan, saura kaɗan. Ya tambaya ina, ya dubi kurfoti da ba komai a kai. Na nuna ƙarƙashin ƙafar Baba.

"Da yanzu ya dahu," na ce. "Ni na buɗe."

Baffa ya matsa kusa. Ya daɗe yana kallon daron da bargon da ƙafar da ke kai. Ya rufe lemar ya jingina ta. Ya kai hannu zai taɓa, Baba ya ƙara danna ƙafa, ya yi wani gurnani. Baffa ya janye hannun. Ya tambayi wa ya koya mini wannan, na ce Baba ne da Mama Magadaliya. Ya tambaya ƙarfe nawa na buɗe, na faɗa. Ya girgiza kai, wata gajeriyar dariya ta fita masa ta hanci.

Ya ce rabonsa da ganin tukunya cikin bargo tun Inna tana da rai, mahaifiyarsu. A bariki, yana ɗan shekara bakwai, ta naɗe wake ta tafi rami, yunwa ta sa ya shiga ƙarƙashin gado ya buɗe ya ci loma biyu ya mayar, a zatonsa ba mai ganewa. Da yamma gida duka suka ci tsakuwa, cikin kowa ya yi ta kuka har safe. Ya nuna Baba da baki, ya ce ga wanda ya kai ƙararsa nan zaune, Inna ta zane shi da igiyar guga, shi kuwa Yaya yana riƙe da fitila. Kafaɗar Baba ta motsa sau biyu. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, da farko na ɗauka tari ne.

Direban ya ce Alhaji, yana da wasu fasinjan fa. Baffa ya ce ya je ya yi zagaye ya dawo ƙarfe shida. Ya jawo benci ya zauna gaban Baba.

"Yaya, ƙarfe shida. In ba ka ci ba, ko da tukunyar a ƙafarka zan ɗauke ka."

Ni kuma ya ce in zauna kan turmin can inda yake ganin hannuna. Ya ce an ce na ci kiredit shida a jarrabawa, ashe ba a koyar da zama wuri ɗaya a makarantar.

Na zauna. Baffa ya yi ta magana, Baba yana saurare. Wanda ya mutu cikin mutanen bariki, wanda ya koma ƙauye, tafkin da ya cinye ramin da Inna ta yi aiki, yadda yadi ya daina tafiya tun da babbar kasuwa ta ƙone. Wani lokaci ya yi tambaya ya ba kansa amsa, Baba ya ɗaga gira in bai yarda ba. Yayyafi ya tsaya, ya dawo. Sau biyu na miƙe, sau biyu Baffa ya dube ni ba tare da ya katse zancensa ba, na koma. Ƙafar Baba tana nan inda take. Na san ta gaji, don na ga cinyar tana karkarwa, amma bai sauke ba.

Shida saura minti biyar mota ta yi ham a waje. Baffa ya dubi agogo, ya dubi Yayansa. Baba ya bari aka sake yin ham, sannan ya ja ƙafar ya sauke.

Na warware. Tururin bai kai na ɗazu ba. Na sa ludayi, sai ya nutse har ƙasa ba abin da ya tare shi. Albasar ta narke, ruwan ya yi kauri. Na ɗebo ƙwaya, kafin in danna ta baje a yatsana. Na zuba a kwanon Baba, na ɗiga manja kaɗan, na dama da bayan cokali, na tsince ɓawon da ya taso. Na hura na kai bakinsa.

Ya rufe baki. Ya kau da kai.

Baffa ya numfasa, ya dafa gwiwa zai tashi. Ni kuwa na tsaya da cokalin a iska, ban san inda zan kai shi ba. Sai Baba ya miƙo hannu ya karɓe cokalin daga hannuna. Ya nuna cinyarsa, na ɗora kwanon na riƙe masa gefe. Ya ɗiba da kansa, rabi ya zube a bargo, rabi ya isa. Ya juya shi a baki ya haɗiye, idonsa a kan Baffa. Ya sake ɗiba. A na biyar tari ya kama shi, duk muka tsaya, direban ma da ya leƙo zaure ya tsaya. Ya yi tarin ya gama, na ba shi ruwa ya kurɓa, ya ci gaba. Cokali goma sha ɗaya na ƙirga kafin ya ture kwanon. Na ɓare maganin yamma na ba shi, ya sha.

Baffa ya lakato na tukunya da yatsa ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Ya ce wanda ya iya cin wannan lami haka don kawai kada ya hau bene, ai sai a bar shi da halinsa. Ya ɗauki lemarsa, ya yi wa Baba sai da safe. Baba ya ɗaga yatsu biyu.

Na raka shi. A zaure ya tsaya ya ce wa direban ya sauke katifar ya shigo da ita. Na ce ai muna da katifa. Ya ce ya sani. Suka jingina ta a bangon zaure, ta cinye rabin hanya.

"Jibi zan dawo," in ji shi. "Ci ɗaya ba ci ba ne. In na tarar ya koma koko, ba sai na sha wahalar ɗauko wata ba."

Motar ta tafi. Na daɗe a ƙofar gida. Ruwa ya ɗauke, samarin layinmu sun fara fitowa, wani ya ɗago mini hannu daga majalisa yana kirana. Na ce ina zuwa. Ban je ba. Na raɓa ta gefen katifar na koma ciki, kafaɗata tana gogar ta. Baba ya yi barci a kujera, manja a gefen bakinsa, cokalin yana hannunsa. Na gwada zarewa a hankali, ya ƙi saki, sai na bar masa.